Kibiyar linzami mai ɗigo 16, da yadda na ɗauke ta daga GTK 2 zuwa GTK 3

Akwai wani ƙaramin ofishin safiyo a nan Jos, ba nisa da kasuwar Taminus, wanda nake kula masa da kwamfutoci shekaru da dama, kuma a cikin kwamfutocin nan akwai wata tsohuwar manhaja da ma'aikatansa suke amfani da ita wajen bin layukan iyakar filaye a kan taswirorin takarda da aka ɗauka da sikana. Wanda ya rubuta ta ya yi amfani da harshen C da kayan gina fuskar manhaja na GTK 2, kuma ta yi musu aiki ba tare da matsala ba har zuwa lokacin da aka sayi sababbin kwamfutoci masu manyan alluna, aka sa musu sabon Linux, sannan aka ga cewa lokaci ya yi da za a ɗauke ta zuwa GTK 3. Na ɗauka cewa tagogi da maɓallai da wurin zanen taswira ne za su cinye mini lokaci, kuma lalle sun ci nasu rabon, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne wasu ƙananan fayiloli 14 da ke ɗauke da hotunan kibiyar linzami, waɗanda mafi yawansu ba su wuce ɗigo 16 a tsaye da ɗigo 16 a kwance ba.

Dalilin da ya sa dole a taɓa su a bayyane yake. A GTK 2, wanda ya fito a 2002, akwai umarni mai suna gdk_cursor_new_from_pixmap, wanda ake miƙa wa hotuna biyu masu launi ɗaya da launuka biyu da kuma wurin tsinin kibiya, shi kuma ya haɗa su ya ba da kibiyar. Da GTK 3 ya zo a 2011, masu shi sun cire GdkPixmap da GdkBitmap, wato nau'o'in hoton da wannan umarni yake aiki da su, gaba ɗaya, don haka wannan umarni ya tafi tare da su, aka bar wanda yake karɓar cikakken hoto mai launi, wato gdk_cursor_new_from_pixbuf, daga baya kuma aka ƙara gdk_cursor_new_from_surface. Saboda haka manhajar ba ta ma haɗuwa, balle a yi maganar ta tashi, sai an sake yi wa waɗannan hotuna sabuwar hanya.

Domin a fahimci aikin, sai an san yadda tsohon hoton yake. Tsarin tagogi na X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, aka kuma fitar da zubinsa na 11 a 1987, yana ajiye irin waɗannan hotuna a fayil mai suna XBM, kuma abin sha'awa game da fayil ɗin shi ne rubutun C ne zalla wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta da idonsa. A samansa akwai layukan da ke faɗin faɗin hoton da tsayinsa, da wasu biyu masu ƙarewa da x_hot da y_hot waɗanda ke nuna ɗigon da shi ne ainihin tsinin kibiya, sannan jerin lambobi ya biyo baya. Kowane ɗigo bit ɗaya ne, ko dai 1 ko 0, don haka hoto mai 16 sau 16 yana da ɗigo 256, wanda ya kama bayit 32 kacal, tunda kowane bayit bit takwas ne. Kibiya ɗaya tana bukatar irin wannan hoto guda biyu. Na farko shi ne zanen kansa. Na biyu kuma ni ina kiransa rariya, domin aikinsa ke nan: inda yake da 1, ɗigon zanen ya wuce ya fito a kan allo, inda yake da 0 kuwa, ba a zana komai, abin da ke bayan kibiyar ne ake gani. A cikin ɗigon da suka wuce rariya, wanda zanensa 1 ne yana ɗaukar launin gaba, wanda zanensa 0 ne yana ɗaukar launin baya. Da bayit 64 ke nan ake samun yanayi uku, baƙi da fari da wanda ake gani ta cikinsa, kuma da haka ne ake yi wa baƙar kibiya farin gefe domin kada ta ɓace idan ta hau kan baƙin wuri.

Girman 16 sau 16 ɗin nan ya daɗe. Kwamfutar Alto ta kamfanin Xerox, ta 1973, da shi ta yi tata kibiyar, haka ma Macintosh na 1984, wanda Susan Kare ta zana wa agogon hannun da ke fitowa idan kwamfuta tana cikin aiki. Mutanen da suka yi zane a cikin wannan ɗan fili ba su da ɗigon da za su yi asara, kuma idan ka faɗaɗa hotunan ofishinmu a kan allo za ka ga irin wannan tsantseni a cikinsu, duk da cewa wanda ya zana su ba sananne ba ne.

Sabon tsarin yana son kowane ɗigo ya zo da lambobi huɗu, na ja da na kore da na shuɗi da kuma alfa, wadda ke auna yadda ɗigon yake rufe abin da ke bayansa, daga 0 zuwa 255. Hoton da a da ya ci bayit 64 yanzu zai ci 1,024. A takarda sauyawar ba ta da wuya: ka bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya, idan rariya 0 ce ka sa alfa 0, idan 1 ce ka sa alfa 255 ka zaɓi launi bisa ga zanen. Na rubuta wannan cikin ɗan lokaci, na tayar da manhajar, sai na ga kibiyar ta fito a tsage gida biyu, kowane gida yana kallon baya kamar an ɗora shi a gaban madubi.

Kuskuren yana cikin yadda na karanta bayit. Mun saba idan muka rubuta lamba a tsarin 0 da 1 mu fara da babban bit daga hagu, don haka hannu yana saurin ɗaukar cewa ɗigon farko na layi shi ne babban bit. XBM akasin haka yake yi: ɗigon da ya fi kusa da hagu shi ne ƙaramin bit, don haka lambar 0x01, wato 00000001, tana nufin ɗigon farko a kunne yake, 0x80 kuma, wato 10000000, tana nufin na takwas. Wanda ya karanta ta ɗaya hanyar zai juya kowane rukunin ɗigo takwas a inda yake, shi ya sa hoto mai faɗin 16 yake tsagewa biyu maimakon ya juya gaba ɗaya. Gyaran layi ɗaya ne, amma ya kamata mutum ya san alamar, domin duk lokacin da ka ga tsohon hoto ya fito a yanke-yanke masu faɗin ɗigo takwas, to kada ka nemi laifin a wani wuri.

Kuskure na biyu ya ɓoye fiye da haka, domin bai bayyana ba sai a fayiloli biyu. Waɗannan biyun faɗinsu ɗigo 20 ne, kuma XBM yana cike kowane layi har ya kai cikakken bayit, wato layi mai ɗigo 20 yana cin bayit 3, bit huɗun ƙarshe kuma banza ne. Ni kuwa na lissafa tsawon layi ta hanyar raba faɗi da takwas, wanda a lissafin C yake ba da 2, sai hoton ya riƙa zamewa layi bayan layi har ya zama kamar tabarmar da aka saƙa a karkace. Daidai shi ne a ƙara 7 a kan faɗin kafin a raba da 8. A nan ne kuma zan gargaɗi wanda zai so ya taƙaita hanya ta wurin miƙa lambobin XBM kai tsaye ga laburaren zane na Cairo a tsarinsa mai bit ɗaya da ake kira A1. Gaskiya ne cewa a kan kwamfutocin Intel da AMD jerin bit ɗinsa ya yi daidai da na XBM, amma Cairo yana bukatar tsawon kowane layi ya zama ninkin bayit 4, kibiyarmu kuwa bayit 2 gare ta a layi, don haka sai an kwafe ta layi-layi zuwa sabon wuri ko ta yaya.

Da zanen ya daidaita sai batun launi ya taso, kuma shi ne ya raba ni da shawarar farko da na yanke. Niyyata ita ce in mayar da fayilolin 14 zuwa PNG, wato tsarin fayil na cikakken hoto mai launi, sau ɗaya in huta. Amma da na sake karanta tsohon rubutun sai na ga cewa manhajar tana amfani da zane ɗaya da launuka dabam-dabam: giciyen, wato kibiya mai siffar +, da ake saka alamar iyaka da shi baƙi ne a lokacin sakawa, ja ne a lokacin gogewa, domin ma'aikaci ya san halin da yake ciki ba tare da ya ɗaga ido daga taswira ba. Tsohon tsarin ya raba zane da launi, shi ya sa wannan ya zo masa da sauƙi, PNG kuwa yana ɗaure su wuri guda. Don haka na bar fayilolin XBM yadda suke, na rubuta ɗan umarni guda wanda ke karɓar abubuwan da tsohon umarnin GTK 2 yake karɓa, ya gina hoton a lokacin da manhaja take tashi. A ganina wannan ya fi, domin sauran rubutun bai bukaci canji ba sai sunan umarnin da ake kira.

Sai dai giciyen gogewa ya fito shuɗi maimakon ja, kuma yana zaune cikin wani farin murabba'i. Laifuffuka biyu ne suka haɗu a nan, duka daga bambancin da ke tsakanin GdkPixbuf, laburaren hotuna na GTK, da Cairo, wanda na gina hoton da shi. GdkPixbuf yana jera bayit ɗinsa ja, kore, shuɗi, alfa. Cairo kuwa yana ɗaukar ɗigo a matsayin lamba guda mai bit 32, wadda a kan irin kwamfutocinmu take kwanciya a ma'ajiya da shuɗi a farko, sai kore, sai ja, sai alfa, don haka wanda ya rubuta bayit-bayit da jerin GdkPixbuf ya musanya ja da shuɗi. A kan baƙi da fari ba za a taɓa lura ba, sai da ja ya shigo. Farin murabba'in kuma ya samo asali ne daga cewa Cairo yana sa ran an riga an ninka kowane launi da alfarsa, wato ɗigon da alfarsa 0 ce dole sauran lambobinsa uku su zama 0. Ni na bar launin baya a cikinsu ina ganin alfa za ta ɓoye shi, shi kuwa ya ɗauki farin ya ƙara a kan taswira.

Duk waɗannan ido yana kama su nan take. Wanda ido ba ya kamawa, kuma wanda saboda shi na zauna rubuta wannan, shi ne tsini. Kwamfuta ba ta san hoton kibiya ba idan aka danna linzami. Ɗigo ɗaya tak take sani, kuma hoton ana rataye shi ne a jikin wannan ɗigo. A kibiya ta yau da kullum tsinin yana kusa da kusurwar hagu ta sama, don haka ko an yi kuskure an bar shi a 0 da 0 ba a rasa abu mai yawa ba. A giciye kuwa tsinin yana tsakiya. Fili mai ɗigo 16 ba shi da ɗigon tsakiya, shi ya sa mai zanen ya yi giciyensa a 15 sau 15 ya bar layi ɗaya fanko, tsakiyar ta faɗa a kan 7 da 7. A uku daga cikin fayilolinmu babu layukan x_hot da y_hot sam, an rubuta lambobin ne a can cikin rubutun manhajar, kuma a gwajina na farko sun faɗa 0 da 0 ba tare da wani gargaɗi ba.

Na zauna na lissafa abin da hakan yake nufi a ƙasa. Taswira mai ma'aunin 1 bisa 1,000 da aka ɗauka da sikana a ɗigo 300 a kowane inci, idan aka nuna ta ɗigo bisa ɗigo a allo, kowane ɗigo yana wakiltar kusan santimita 8.5 na fili. Kaucewar ɗigo 7 ta kama kusan santimita 59 a kwance da wasu 59 a tsaye, wato kimanin santimita 84 a karkace. Kuma abin da ya fi muni shi ne kuskuren ba ya tsayawa a adadi ɗaya, domin yana canzawa da yadda ma'aikaci ya faɗaɗa ko ya rage taswirar a lokacin da ya danna, don haka ba za a iya cewa daga baya a matsar da dukan alamomin da adadi kaza a gyara ba. Duk wanda ya san yadda ake rigimar katanga tsakanin maƙwabta a Unguwar Rogo ko Rikkos ya san cewa santimita 84 ba abin wasa ba ne, kuma ma'aikacin da ya ɗora tsakiyar giciye daidai a kan kusurwar fili ya yi nasa aikin da gaskiya, ba shi da hanyar sanin cewa kayan aikinsa sun karkace.

Akwai kuma fayiloli uku masu ƙarewa da .cur, waɗanda suka rage daga lokacin da ofishin yake gudanar da wani zubin manhajar a kan Windows. Su ma zane ne da rariya, amma kusan kowace ƙa'ida tasu ta saɓa wa ta XBM. Babban bit ne ɗigon hagu, layuka suna farawa daga ƙasa su hau sama, ana cike kowane layi zuwa bayit 4, tsayin da aka rubuta a kan fayil ninki biyu ne na ainihin tsayin domin ya haɗa hotunan biyu, kuma a rariyarsu 0 ce take nufin a zana. Waɗannan duka ana iya juya su. Abin da ba ya juyuwa shi ne yanayi na huɗu da Windows yake da shi: idan bit ɗin duka biyu 1 ne, ɗigon yana juya launin abin da ke ƙarƙashinsa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Lambobi huɗun sabon tsari suna iya cewa a rufe baya ko a bar shi ko a gauraya da shi, amma ba su da hanyar cewa a juya shi.

Dattijon da ke shugabantar ofishin, wanda ya fara aikin safiyo tun ana jan sarƙa a daji, ya tuna sarai da giciyen Windows ɗin mai juya launi. Ya ce mini, "Ɗana, wancan na da ko a kan baƙin tawada ka ɗora shi kana ganinsa, shi nake so ka dawo mana da shi." Na ce, "Baba, wancan ba zai dawo yadda yake ba, amma zan yi muku wanda ba zai ɓace ba a kan fari ko baƙi." Abin da na yi shi ne na mayar da ɗigon juyawa baƙaƙe, na kewaye su da farin gefe mai kaurin ɗigo ɗaya, na kuma bar ɗigon tsakiya a buɗe domin a ga ainihin wurin da ake dannawa ta cikinsa. Ba daidai yake da na da ba, domin farin gefen yana rufe ɗan abin da ke kusa da layi, kuma na faɗa masa hakan.

Saura girma. A allon da ke da ɗigo 96 a inci, kibiya mai ɗigo 16 tana da tsayin milimita 4 da ɗan kai, a allon da ya ninka wannan cunkoso kuwa ta koma kusan milimita 2, abin da dattijo mai tabarau ba zai gani ba a kan taswira mai cike da layuka. Idan aka bar hoton a faɗaɗa shi ta hanyar gauraya ɗigo da maƙwabcinsa, layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne yana zama toka-toka kamar hazon hunturu, kuma kaifin da ake bukata ya tafi. Hanyar da ta dace da irin wannan zane ita ce a maimaita kowane ɗigo yadda yake, wadda GdkPixbuf yake kira GDK_INTERP_NEAREST, kuma da cikakkiyar lamba, ninki biyu ko uku. Tsini ma dole a ninka shi, kuma a nan akwai ɗan abin lura: a ninki biyu ɗigo na 7 yana zama 14 da 15, tsakiyar tana faɗawa a tsakaninsu, a ninki uku kuwa yana zama 21 da 22 da 23, tsakiyar ta zauna daram a kan 22. Saboda wannan ne na sake zana giciyen da hannu a fili mai ɗigo 31 domin manyan allunan, tsakiyarsa a kan 15 da 15, sauran kuma na bar su ga ninkawa.

Ba dukan fayilolin ne suka cancanci wannan wahala ba. Shida daga cikinsu kibiya ce ta kowa da kowa, da agogon jira, da hannu, da alamar rubutu, da na jan gefen taga guda biyu. Waɗannan na watsar da su na kira na tsarin kwamfutar da sunayensu ta gdk_cursor_new_from_name, wanda ke karɓar sunaye irin na shafukan intanet kamar default da wait da text, domin tun da laburaren Xcursor na Keith Packard ya shigo, jigon kibiyoyi yana zuwa da girma iri-iri, kuma idan mutum ya ƙara girman kibiyarsa saboda raunin ido, waɗannan za su bi shi. Wanda ya nace sai ya riƙe tsohuwar kibiyarsa a inda ta tsarin za ta wadatar, yana cutar da mai amfani ne. Waɗanda na riƙe su ne masu ɗauke da ma'anar aikin safiyo, wato giciyen iri biyu, da na auna tazara, da na rufe kewayen fili, da na yanke layi.

Na tsara umarnin ta yadda ɓangaren da ke karanta bit ya rabu da ɓangaren da ke magana da GTK, domin GTK 4, wanda ya fito a Disambar 2020, ya sake canza hanya zuwa gdk_cursor_new_from_texture, kuma ranar da za a sake ƙaura layuka kaɗan ne za su bukaci taɓawa. Na kuma ƙara wa manhajar wata ƙaramar tagar gwaji mai zanen layuka, wadda ke saka jan ɗigo guda a duk inda aka danna, ta yadda kowa zai iya tabbatar da tsinin kowace kibiya da kansa a kan kowane allo.

Ranar da na kai aikin, dattijon bai dubi tagar gwajin ba tukuna. Ya sa aka buɗe taswirar wani fili a Bukuru da suka gama aikinsa tun da tsohuwar manhaja, ya ɗora giciyen a kan kusurwowinsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana karanta lambobin da suka fito yana gwada su da waɗanda ke rubuce a littafinsa, a faɗaɗe da kuma a rage, kuma duka sun yi daidai. Abin da kawai ya nema shi ne a rage tsawon hannuwan giciyen da ɗigo biyu a manyan allunan, domin suna rufe masa lambar dutsen iyaka idan an rubuta ta kusa da kusurwa, kuma na gyara masa wannan a wurin kafin a kira sallar la'asar.